Fallata: Sunan da Aka Raɗa wa Matafiya a Bakin Nilu

A farkon shekarun 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gidan rediyon Umdurman ya watsa muryar mace tana rera waƙa, abin da ba a taɓa ji ba a Sudan kafin wannan rana. Sunanta A'isha, sunan mahaifinta Musa Ahmad. A yankin Kasala aka haife ta, da Larabcin Sudan ta yi yawancin waƙoƙinta, ta bi sansanonin sojojin ƙasar tana ɗebe musu kewa a lokacin yaƙin, kuma a Umdurman ta zauna har rasuwarta a 1974. Duk da haka ba da sunan mahaifinta ƙasar ta san ta ba, ba kuma da sunan garinsu ba. A'isha al-Fallatiya ake ce mata. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar aikin hajji, mahaifin malami ne Bafulatani, mahaifiyar kuwa Bahaushiya. Laƙabin ya ɗauki rabin wannan asali ya bar rabi, sa'an nan ya zauna a kan duk abin da ta zama daga baya.

Kalmar Fallata ba Larabci ba ce. Barebari ne ke kiran Fulani da ita, sai ta bi sawun alhazai daga Borno, ta ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, har ta isa bakin Nilu. A can ta yi faɗin da ba ta da shi a gida. Bafulatani Fallata ne, Bahaushe Fallata ne, Babarbaren da kalmar ta fito daga bakin kakanninsa shi ma Fallata ne, haka Bazabarme da duk wanda ya fito daga yammacin tafkin Chadi. Wanda ya san hanyoyin fatauci zai lura da abin dariyar da ke ciki. Mutanen nan su ne dai, in suka fuskanci kudu suka sauka a Sabon Ibadan ko zangon Kumasi, ake haɗa su a kira su Hausawa, har da Bafulatanin da Babarbaren. In suka fuskanci gabas, duk sun zama Fulani. In suka ƙetare Bahar Maliya suka isa Makka, sun zama Takari. Mutum ɗaya, suna uku, gwargwadon inda ayarinsa ya dosa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa irin wannan suna ya fi ba da labarin inda mai kiran yake tsaye fiye da labarin wanda ake kira.

Takari ɗin ma tarihinsa ya fi na Fallata tsawo. Takrur wata daula ce da ta yi zamani a bakin kogin Senegal, tana cikin na farko da suka karɓi Musulunci a yammacin Afirka. Mutanen Masar da Hijaz suka riƙe sunan, suka riƙa kiran duk baƙin mahajjaci daga yamma Takruri, ko da daga Mali ya fito ko Katsina. A wancan zamani ba zagi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, a littafin da ya rubuta a 1812 wanda aka fi sani da Infaƙul Maisuri, ƙasar Takrur ya kira yankin da yake ba da tarihinsa. Abin da babban malami ya ɗora a kan littafinsa da alfahari shi ne yau ake jifan mai wankin mota da shi a Jidda. Kalmar ba ta sauya ba. Matsayin masu ɗauke da ita ne ya sauya.

Su kansu matafiyan, kafin su bar gida, ba lallai ne su ce da kai su Hausawa ne ba. Wanda aka tambaya asalinsa a ƙarni na 19 zai ce shi Bakano ne, ko Bakatsine, ko Bagobiri, ko Bazazzagi, tsagen fuskarsa kuma ya gaskata shi tun kafin ya buɗe baki. Bayan gari sai sana'a: maƙeri, mahauci, malami, bafatake. Sai an yi nisa da gida ake narkewa a zama abu ɗaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, kuma cikin abubuwan da ke barin mutum har da ikon faɗin ko shi wane ne.

A tsawon ƙarnoni, Fallata ko Takruri a ƙasar Nilu yana nufin bawan Allah mai wucewa. Tafiyar hajji ta ƙasa ba ta watanni ba ce. Mutum kan shekara uku, biyar, goma a hanya, ya yi noma a nan, ya koyar da yara karatu a can, ya tara guzurin zango na gaba. Matafiyin Turai Burkhat, wanda ya bi ta Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya bayyana irin waɗannan mahajjata, da yadda da yawansu ke cin abinci da alƙalami, suna rubuta laya ana ba su sadaka. Wasu suka yada zango na dindindin. Garin Gallabat, a kan iyakar Habasha, Takarir ne suka riƙe shi da shehunansu tun kafin Turawa su zo. Har yau a karkarar Sudan malamin Fallata yana da kwarjini na musamman, ana neman addu'arsa, ana kuma ɗan jin tsoronsa.

Akwai kuma wata daɗaɗɗiyar magana a cikin jama'ar Shehu Usmanu cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen Nilu, su sadu da Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881, ya kuma ci Khartum a 1885, maganar ta sami ƙafa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Amma babban kwararowar ta zo ne a 1903. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara. Jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, aka tare shi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Sun gudu daga Ingila a yamma sun tarar da Ingila a gabas, domin tun 1899 Sudan take ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar.

Zuciyar Turawan biyu ce game da baƙin nan. A gefe ɗaya suna tsoronsu: mutanen da suka baro ƙasarsu saboda addini, waɗanda da yawansu ke tururuwa zuwa tsibirin Aba wajen Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, suna yi masa noma don neman albarka. Jami'an Kaduna da na Khartum sun riƙa musayar rahotanni a kan wannan a shekarun 1920. A ɗaya gefen suna matuƙar bukatarsu. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin Jazira, feddan 300,000 a tashin farko, kowane feddan ya ɗan ɗara eka ɗaya, domin a noma audugar da za ta ciyar da masaƙun Ingila. An raba filin ga manoman yankin, kowa da kasonsa da ake kira hawasha, amma shema da cirar auduga suna son hannu da yawa. Mahajjacin da ke neman kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda shi ne ma'aikacin da ya fi dacewa: ya iya fartanya, ba ya ƙin rana, matarsa da 'ya'yansa suna aiki tare da shi, ba shi da ƙasar da zai koma ya nome da damina. Gwamnati ta ƙarfafa musu gwiwar zama. Aka kafa ƙauyukansu a Jazira, da Gash, da Gadarif.

A nan ma'anar sunan ta juya. Masanin halayyar al'umma Jay O'Brien, wanda ya yi nazarin ƙwadagon gona a Sudan, ya kawo hujjar cewa Fallata a matsayin ƙabila ɗaya ba daga yamma aka zo da ita ba, a kasuwar ƙwadagon Sudan aka ƙera ta. Mutane masu harsuna daban-daban, waɗanda wasunsu a gida ko aure ba sa haɗawa, suka sami kansu a mataki ɗaya na tattalin arziki. Mai gona ya san su da aiki ɗaya, ya kira su da suna ɗaya, ya jingina musu hali ɗaya: haƙuri, ƙwazo, arha. Yabon da ake yi wa jaki ke nan, kuma masu shan yabon sun san haka. Jinin sarautar Sakkwato da ɗan bawan da ya biyo shi, a idon mai hawasha, duk Fallata ne masu cirar auduga.

Har zuwa wannan lokaci, suna ne kawai na baka. Yana iya ɓata rai, ba ya hana abinci. Abin ya zama na takarda a 1948, shekarar da aka buɗe majalisar dokoki ta farko a Khartum, aka kuma ga lallai a fayyace wane ne ɗan ƙasa. Dokar da aka yi ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. An zaɓi ranar ne domin ta riga yaƙin Umdurman na Satumba 1898, wanda ya buɗe wa Ingila ƙofa. Bayan samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta riƙe wannan rana yadda take.

A duba abin da wannan layi ya yanka. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. Yaron da aka haifa a garin a 1910, wanda bai taɓa ganin Sakkwato ba, wanda ya kai shekara 38 yana biyan haraji a Sinnar, ya wayi gari baƙo, haka 'ya'yansa, domin haihuwa a ƙasar ba ta isa ba. Ba shi kuma da wata ƙasar, don Najeriyar da ake cewa ya koma ba a haɗa ta ba sai 1914, shekaru bayan mahaifinsa ya baro. Waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin 1897, su ma ba su tsira ba, saboda wa ke da takardar shaidar inda kakansa ya kwana a ƙarni na 19? Iyakar yamma ma, tsakanin Darfur da ƙasar da Faransa ke mulka, ba a kammala shata ta ba sai 1924. Wato ana tambayar mutum ya tabbatar kakansa yana cikin wani da'ira tun kafin a zana da'irar. Tun da babu takarda, sai jami'i ya koma ga abin da ke gabansa: sunan ƙabila, shaidu daga dangin uba, lafazin harshe, kamannin fuska. Wanda ya ce shi Ja'ali ne ko Shaiƙi, daga manyan ƙabilun bakin Nilu, ba a neman hujja a wurinsa. Wanda aka ce Fallata ne, hujjar ma ba ta cika isarsa ba. Da takardar jinsiyya kuwa ake samun hawasha, da aikin gwamnati, da gurbin karatu mai zurfi, da fasfo. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924, sa'an nan zuwa 1956, amma zargin da ta haifar ya riga ya zauna a zukata, kuma ba a goge irin wannan da gyaran doka.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne tarihin kalmar Sudan kanta. Biladus Sudan, ƙasar baƙaƙe, suna ne da Larabawa suka bai wa dukkan shimfiɗar da ta taso daga Senegal zuwa Bahar Maliya. Kano da Katsina suna tsakiyarta. Mali ta yau, Sudan ta Faransa ake kiranta har 1958. A Khartum da Umdurman na farkon ƙarni na 20 kuwa, in aka ce wane Sudani ne, ana nufin bawa ne ko ɗan bayi; ɗan babban gida da sunan ƙabilarsa yake tinƙaho. Sai a shekarun 1920 da 1930 'yan boko masu kishin ƙasa suka ɗauki kalmar suka wanke ta suka yafa. Ali Abdullaɗif, hafsan sojan da ya jagoranci yunƙurin 1924 kan Turawa, daga zuriyar bayi ya fito, kuma manyan gari na lokacin sun yi masa gorin asali. Cikin shekara talatin, sunan da ake ƙyama ya zama ƙofar da ake tsaro, kuma cikin waɗanda aka rufe wa ita har da mutanen da malamansu suka shafe ƙarnoni suna rubuta cewa su 'yan Sudan ne.

Wani abin kuma. Kusan duk wanda ke cikin wannan rigima, in ka tambaye shi asalinsa na can baya, daga wani wuri zai ce ya zo. Ja'aliyawa suna kai nasabarsu ga Abbas, baffan Manzon Allah. Sarakunan Funj, waɗanda suka mulki Sinnar daga 1504 zuwa 1821, sun jingina kansu ga Banu Umayya. Hausawa suna da Bayajida na Bagadaza, Fulani suna da Uƙba, Barebari suna da Saifu na Yaman. Zuwa daga nesa abin alfahari ne in daga gabas aka zo kuma an daɗe. Abin gori ne in daga yamma aka zo kuma ana iya tuna ranar.

Yaya mutanen suka yi da sunan? Ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma wannan ne ya fi komai rushe shi. Akwai waɗanda suka shige birni suka saki harshe, suka ɗauki nasabar Larabawa, har jikokinsu ba su san komai ba. Akwai Fallatan kudancin Darfur, masu hedikwata a Tulus, waɗanda suka daɗe har suna da ƙasarsu da nazirinsu, Larabci ne harshen yawancinsu, rayuwarsu ta makiyayan Baggara ce. A wurinsu Fallata sunan gida ne mai daraja, kuma ba su ga abin da ya haɗa su da ɗan ƙwadagon Jazira ba. Akwai Mbororo masu jajayen shanu da suka shigo daga baya, waɗanda Fulanin gari ma ke nesanta kansu da su. Akwai Hausawan da ke cewa a daina kiransu Fallata, su Hausawa ne. Akwai kuma 'yan boko irin Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, ɗan Mai Wurno, wanda ya rubuta littattafai a kan yadda Fulatanci da Hausa suka rayu suka kuma sauya a cikin tekun Larabci. Kama da wane ba wane ba ce. A nan kaman ma babu.

Amsar da ta fi ban mamaki ita ce wadda C. Bawa Yamba ya tarar a ƙauyukan Hausawa na Jazira, ya kuma rubuta a littafinsa na 1995, Permanent Pilgrims, wato mahajjatan dindindin. Ya sami mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, tsatso na uku, na huɗu, har na biyar, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Ba sa gina gidan da zai daɗe, don mai wucewa ba ya kafa tubali. Suna aiki, suna tara kuɗi, kuɗin ya tafi a bashi da hidima da sadakar malamai, shekara ta zagayo, a ce Allah bai nufa ba tukuna. Makka kuwa tana tsallaken ruwa.

Da sauƙi a ce wannan yaudarar kai ce, amma hukuncin zai yi gaggawa. Mutumin da ƙasa ta ce masa kai ba ɗan nan ba ne, ya amsa da cewa dama ban ce ni ɗan nan ba ne, baƙon Allah ne ni, ya karɓi gorin ya mayar da shi rawani. Wanda ake ganin ɗan ƙwadago ne a gonar wani, a idon kansa yana cikin ibadar da ta fi ta mai gonar. Sai dai sunan da mutum ya zaɓa wa kansa shi ma yana da haƙora. Mai cewa gobe zai tashi ba ya neman fili, ba ya damuwa da takarda, ba ya cika kai ɗansa makarantar gwamnati. Kuma bayanin bai fi na jami'in jinsiyya gaskiya ba: mutumin da aka binne kakansa da kakan kakansa a ƙauye ɗaya ba matafiyi ba ne, ko da me ya kira kansa. Suna biyu, ɗaya daga waje ɗaya daga ciki, suka haɗu a kan abu guda, wato cewa ba a nan yake ba. Alhali a nan yake.

'Yan siyasa sun gane amfanin wannan rataya. Wanda matsayinsa ke lilo, ana iya saye shi da takarda, ana iya tsorata shi da ita. Gwamnatin da ta hau a 1989 ta buɗe hannu wajen ba Fallata jinsiyya, tana neman magoya baya a wajen tsofaffin jam'iyyu. Amma a 2008, da wata jarida ta ruwaito cewa shugaba Umar al-Bashir ya ce Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, musantawar da aka yi ba ta hana zanga-zanga ɓarkewa a Gadarif da wasu garuruwan gabas ba, har aka rasa rayuka. Magana ɗaya da ba a ma tabbatar ba ta isa ta girgiza mutanen da suka shekara ɗari a wuri.

Takardar zama ɗan ƙasa ma rabin magana ce. A karkarar Sudan akwai wani tsari da Turawa suka ƙarfafa, irin wanda suka yi a Arewacin Najeriya: mulki ta hannun shugabannin gargajiya, nazir a sama, umda a tsakiya, shehu a ƙasa. Tsarin ya ginu a kan tunanin cewa kowace ƙabila tana da dar, wato ƙasarta, kuma shugabanta ne ke raba gona da yanke ƙananan shari'u a cikinta. Ja'afar Numairi ya rushe shi a farkon shekarun 1970, gwamnatocin baya suka dawo da shi. A ƙarƙashinsa, mutum yana iya zama cikakken ɗan Sudan a Khartum, ya kasance baƙo a ƙauyen da aka haife shi, yana noma da izinin wani. Mai karatu a Jos ko Zangon Kataf ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma 'yar'uwar wannan tsari ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan ne ya fashe a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022. Hausawan jihar, waɗanda suka daɗe suna noma da kamun kifi da kasuwanci a bakin kogin, suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu. Shugabannin ƙabilun da ke ganin ƙasar tasu ce, Funj da Hamaj da Berta, suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya da ƙasa, Hausawa kuwa ba su da ƙasa a nan. Rikici ya tashi a Rusairis da Gaisan da kewaye, mutum fiye da ɗari suka mutu cikin kwanaki. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Gadarif da Fot Sudan da Ubayyid. A Kasala aka ƙona gine-ginen gwamnati. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka kashe kimanin mutum ɗari biyu.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari kamar ɓangare ɗaya ne kawai ke da ciwo. Mutanen tsaunukan Shuɗin Nilu sun sha farautar bayi a ƙarni na 19. A ƙarni na 20 an yanka dazuzzukansu an ba attajiran birni su yi noman inji. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka kuma ƙara wa tsawo a 2013, ta tashi ƙauyuka. Yaƙi ya ci yankin kafin 2005, ya dawo a 2011. Mutanen da aka yi wa haka, kalmar 'yan ƙasa ita ce garkuwar da ta rage musu, kuma duk wanda ya taɓa ta, ko da maƙwabcin shekara tamanin ne, suna ganin hannun Khartum a bayansa. Kowane ɓangare ya zargi 'yan siyasa da hura wutar, musamman a cikin rabon muƙaman da ya biyo bayan yarjejeniyar Juba ta 2020, kuma da wuya a ce zargin ba shi da tushe.

Abin lura shi ne sunan da masu zanga-zangar suka ɗaga. Ba su fito a matsayin Fallata ba, ba su fito a matsayin mahajjata ba; Hausawa suka kira kansu, kuma 'yan Sudan. Jikokin Kanawa da Katsinawa da Gobirawa, waɗanda da yawansu Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, sun tarar cewa hukuma ba ta sauraron mutum ɗaya mai gona da iyali. Ƙabila take saurare, mai shugaba da hatimi. Domin su fita daga sunan da aka ƙaƙaba musu, sai da suka shiga wani wanda ya fi shi matsewa, suka kuma nemi a rubuta shi a littafin gwamnati, a cikin tsarin da tun farko shi ya mayar da su baƙi.

Dubban mutane suka bar gidajensu a wannan shekara, wasu zuwa Damazin, wasu zuwa Sinnar da Farin Nilu, aka zuba su a makarantu. Hausawa ne da Hamaj da Berta da wasunsu, amma a rajistar masu ba da agaji kalma ɗaya aka rubuta musu, nazihin, waɗanda aka raba da muhallinsu. Wata shida bayan kashe-kashen Wad al-Mahi, a watan Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF, kalmar ta hau kan miliyoyin 'yan Sudan, har da jikokin waɗanda ba a taɓa tambayarsu inda kakansu yake a 1897 ba.